Ranar da Aka Zo wa Kwamfutar Levi Jaje

In ka bar titin Gezawa ka saki hanyar da ta ratsa gonakin dawa, can inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyaka sai ka ga jerin gamba, za ka iso Gidan Shago. Gida ne guda, amma ya fi wata unguwar yawan mutane. Shago da ya kafa shi ya daɗe da rasuwa a kan addinin kakanninsa. 'Ya'yansa wasu sun shiga coci, wasu sun musulunta, babban ɗansa Buwai kuwa, wanda yanzu shi ne maigida, ya ce shi bai ga abin gaggawa ba, yana nan yana duba. A wannan gida aka haifi Levi, ƙanen Buwai. In ka zo ka ce Levi kake nema sai a tsaya ana tunani, amma ka ce Injiniya, ko akuya ta nuna maka ƙofarsa.

Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Rediyon ubansa ya fara buɗewa don ya ga masu maganar ciki. Ya mayar ya rufe, kusoshi suka ragu a tafinsa, rediyon kuma daga ranar ba ta ƙara magana ba sai an kwantar da ita a gefe guda. Shago ya zane shi sosai, sannan ya ce a kai yaron nan birni tun kafin ya kai ga injin niƙan unguwa.

Haka Levi ya sami kansa a Sabon Gari, a shagon wani mai gyaran kwamfuta da kowa ke kira Oga. Zamanin manyan kwamfutoci ne, fararen akwatuna masu nauyin buhun gero, allonsu kuma mai ƙaton ƙeya kamar randa. Aikin da ya fi zuwa shagon shi ne na wadda aka kunna ta ƙi tashi. Oga ya koya masa cewa kwamfuta in an kunna ta ba ta san kanta ba. Sai ta fara laluben manhajar da ke tada ta, ta leƙa ramin da ake zura mata ɗan faifan fulofi, ta leƙa na faifan sidi, sannan ta je ga faifan da ke cikin cikinta. In ta samu, ta tashi. In ba ta samu ba, ta tsaya tana kallonka kana kallonta.

Ya kuma koya masa sauraro. "In ta yi ƙara ɗaya gajere, gaishe ka ta yi," in ji Oga. "In ta ja ƙara tana maimaitawa, ƙwaƙwalwarta ce ta goce, ka zare ka goge ka mayar. In ta yi shiru fanka kawai ke juyawa, ka ba mai ita kujera." Amma babbar dokar shagon, wadda Oga ke faɗa yana ƙwanƙwasa kan Levi da gindin sukundireba, ita ce: ka taɓa abu ɗaya, ka kunna, ka gani. Wanda ya taɓa abu biyu kafin ya kunna, ko ta tashi bai san komai ba.

Levi ya riƙe dokar nan fiye da yadda ya riƙe wasu daga cikin na coci.

Da ƙananan kwamfutoci na ɗorawa a cinya suka cika gari, wayoyi kuma suka biyo bayansu, Oga ya koma sayar da waya. Ya sallami Levi da kwamfuta guda daga cikin waɗanda masu su suka manta da su. Ranar da Levi ya sauka daga mota da ita, mutum biyu suka tallabo allon, shi yana biye yana cewa a yi a hankali da ƙeyar. Tun kafin a ajiye kayan aka raɗa masa Injiniya, shi kuma bai musa ba.

Ya gina mata ɗaki nata na kanta, da rufin kwano da daɓen siminti. Shi da matarsa Keziah suka ci gaba da kwana a ɗakin da in aka yi ruwa sai an jera kwanuka. Keziah ta yi magana har ta gaji. Amma gaskiya a shekarun farko kwamfutar ta yi rana. Katin biki, tsarin godiyar kaka na coci, shaidar sauka ta makarantar maƙwabcinsu Malam Ɗanliti, duk a nan ake bugawa. In Levi ya ja janareta, ta tashi ta yi wannan ɗan kiɗan nata na buɗe ido, mata a madafa sai su ce, "To, amaryar Injiniya ta farka."

Sai dai zamani bai tsaya jiran kowa ba. Injin buga takardar ya mutu, aka nemi kayansa har Kano babu. Masu biki suka koma aika gayyata ta waya. Levi ya koma gona kamar kowa, da fartanya da kaushi a ƙafa, amma in ka same shi yana huɗa sai ya ce maka motsa jini yake yi, aikin ofis yana sa ciwon baya. Ran Lahadi bayan coci yakan yaye atamfar da ke lulluɓe da kwamfutar, ya kunna ta, ya buga karta shi da ita, ta cinye shi, ya kashe. Wannan ne kawai aikin da ya rage mata. Ga Levi kuwa, muddin tana ɗakin nan, to akwai Injiniya a Gidan Shago. In ta fita, saura wani Levi mai kaushi.

Daminar bara ta zo da ƙarfi. Ruwa ya jiƙe babban rumbun gidan har ya zauna a ƙasa, gyaɗa kuma ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Buhuna suka taru a tsakar gida, sama tana ta haɗa hadarin ƙarshe. Buwai ya zaga gidan kaf yana neman ɗakin da ba ya yoyo, ya ga guda ɗaya ne tak.

Bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da Sama'ilu mai gwangwan, wanda ke yawo ƙauyuka da kurarsa yana karɓar tsohon ƙarfe yana ba mata bahon roba da bokiti.

"Levi," in ji Buwai, don shi kaɗai ne bai taɓa cewa Injiniya ba. "Buɗe mu ga baƙuwar nan taka."

Levi ya buɗe. Sama'ilu ya shiga, ya ɗaga akwatin ya jijjiga a hannu kamar mai tayin kaza.

"Ƙarfen zamanin da ne, wannan," ya ce. "Baho biyu. In da wayoyin, in ƙara wa uwargida moɗa."

"Ajiye ta!" in ji Levi. "Yaya, wannan fa ba ƙarfe ba ne. Na'ura ce mai aiki."

"Wane aikin?"

"Aiki iri-iri."

"Gyaɗa tana waje, abin da ba a ci yana ɗaki. To ni ba azzalumi ba ne. In mai rai ce, ba na fitar da mai rai. Kunna mu ji."

Rabon Levi da ya kunna ta tun farkon damina, saboda aikin gona da tsadar mai. Amma ya ja janareta da ƙarfin zuciya, ya danna maɓalli. Fanka ta juya. Ɗan koren haske ya kama. Ta yi ƙara ɗaya gajere, ta gaishe shi. Fararen rubutu suka fito a baƙin allo, Levi har ya fara gyara wuyan riga. Sai ta tsaya cak. Ta rubuta layi guda da Turanci, wani ɗan tsinken haske yana ƙiftawa a ƙarshensa.

"Me ta ce?" in ji Buwai.

"Cewa ta yi ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba."

"Wa ya ɗauka?"

"Ba wanda ya ɗauka. Yana cikinta."

"Yana cikinta, kuma ba ta gan shi ba?" Buwai ya girgiza kai. "Haka Baba ya fara. Hula tana kansa yana nemanta."

Sama'ilu ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Buwai ya yanke hukunci a tsaye: ranar kasuwar Gezawa Sama'ilu zai biyo ta nan da la'asar. In ta yi kiɗan nan nata kowa ya ji, ta zauna, a nema wa gyaɗa wani wurin. In ba ta yi ba, Keziah ta zaɓi kalar baho.

"Shuɗi," in ji Keziah daga bakin madafa, ba tare da an tambaye ta ba.

Levi ya rufe kansa a ɗaki, ya fara aiki yadda aka koya masa. Ya fara da ramin fulofi, tunda nan take fara leƙawa. Ya haska, ya ga zanzaro ya gina gida a ciki, har da ɗakuna. Ya ƙwaƙule ƙasar da tsinke, ya hure, ya kunna. Layin nan dai. Ya shiga shuɗin allon da ake saita ta, ya tarar ta manta kwanan wata, tana can a wata shekara tun kafin ya auri Keziah. Wannan alamar ɗan batirin ciki ne ya mutu, wani mai kama da kwabo. Ya hau keke ya nemo irinsa wurin mai gyaran agogo, ya sa, ya gyara mata shekara, ya kunna. Yanzu ta san ranar da ake ciki, amma faifai har yanzu ba ta gan shi ba. Ya zare ƙwaƙwalwar ya goge da gefen riga, ko da yake ya san ba ita ba ce, ya mayar ya kunna. Layin nan dai, tsinken yana masa ƙifce.

Kowane gwaji sai an ja janareta, kowane ja kuma mai yake sha. Daga ƙarshe ya manna kunnensa a jikin akwatin. Da can in ta kama, yakan ji faifan ciki yana wani siririn kuka yana juyawa. Yanzu shiru. Ko dai faifan ya maƙale saboda daɗewa a sanyin damina, ko faffaɗar wayar da ta haɗa shi da sauran jiki ta yi tsatsa a baki, ko wayar da ke kai masa wuta ce. Da safiyar ranar kasuwa ya zare faffaɗar wayar, ya kankare bakinta, ya mayar ya danna sosai. Ya fita ya ja janareta. Janareta ya yi tari ya mutu. Mai ya ƙare, mai sayar da man a kwalba kuma ya tafi kasuwa. Man da ya rage a Gidan Shago kaf yana cikin tankin babur ɗin Buwai.

Ana cikin haka masu jaje suka fara sallama.

Ka san mutanenmu. In saniyar mutum ta kwanta, ko katangarsa ta faɗi, ba a barinsa shi kaɗai. An ga Injiniya bai leƙa gona ba, bai zauna hira ba, an kuma ji hukuncin Buwai a wurin injin niƙa. Mai jaje kuma ba ya zuwa hannu sake. Dole ya bar maka magani, kai kuma dole ka gwada a gabansa, musamman in ya girme ka. In ka ce masa bari tukuna, ka gaya masa ke nan tahowarsa ta banza ce, kuma za a daɗe ana tuna maka.

Malam Ɗanliti ne ya fara shigowa, da carbinsa da rediyonsa a rataye.

"Injiniya, ashe abin da ya faru ke nan? Ya mai jikin?"

"Da sauƙi, Malam. Na ma gano inda matsalar take, mai kawai nake jira in gwada."

"Allah ya sawwaƙe. Amma ni da na shigo ɗakin nan na ji sanyi har ƙashina. Ka ga rediyon nan? In ta yi nauyin baki, batir nake zarewa in shanya a rana, ta dawo kamar sabuwa. Abin lantarki ba ya son raɓa. A fitar da ita ta sha hantsi."

"Malam, ai da dai na fara gwada wayar da na..."

"Ni zan kama maka," in ji Malam Ɗanliti, har ya naɗe hannun riga.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da buhunan gyaɗa, aka kwantar da akwatin a buɗe, cikinta yana kallon sama. Kaji suka zo suna leƙe. Levi ya tsuguna yana korarsu. Abin da ya fi ci masa rai, ya san zafi yana iya sakin faifan da ya maƙale. Wato maganin Malam ba shirme ba ne gaba ɗaya. Yanzu an taɓa abu biyu.

Ya tashi ya sami yayansa a gindin darbejiya. "Yaya, a ɗan tsiyaya mini mai a babur, in gwada."

"Gwaggo tana hanya," in ji Buwai. "Ta tako da sandarta tun daga gidan ƙasa, ka ce za ka kunna kafin ta iso? In ta tashi, ta zo ta duba wa? Man nan sau ɗaya zan bayar. A gama komai tukuna."

Gwaggo Jemima ƙanwar Shago ce, ita ce mafi tsufa a dangi, kuma ba ta taɓa yarda wani abu ya fi ƙarfin hayaƙi ba. Irin masararta a saman murhu yake shekara, ko ƙwaro ɗaya. Ta iso tana haki, ta zauna a kan turmi, ta leƙa cikin akwatin.

"Ɗan nan, wannan ce ka hana Keziah ɗaki saboda ita? Ai ba komai a cikinta, duk iska ce."

"Gwaggo, haka ake yinta."

"An ce zanzaro ya shiga. Inda zanzaro ya shiga, 'yan uwansa sun san hanya. Keziah! Kawo mini garwashi a kasko."

"Gwaggo, hayaƙi yana ɓata..."

"Ni na yi maka hayaƙi kana jariri da kake shiɗewa. Ka ɓaci?"

Wasu daga cikin masu jaje suka ce a bar wannan tambayar. Gwaggo ta zuba ɓawon gyaɗa da busasshen ganye a garwashi, ta zagaya akwatin da kaskon tana magana ƙasa-ƙasa da waɗanda ba a gani. Hayaƙi ya turnuƙe. Keziah, da ta ga mijinta yana neman yin kuka, ta ɗauko mafici ta hau fifita cikin akwatin don hayaƙin ya fita, ƙura da ƙasar zanzaro suka yi ta tashi.

"Ke da kike son baho, me ya kawo ki?" in ji Levi.

"Bahon nake karewa. In ta ƙone ai Sama'ilu zai rage."

Fasto Aaron ya biyo baya a kan kekensa. Ya ji Malam Ɗanliti ya riga shi, don haka bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ɗora tafinsa a kan akwatin, wanda rana ta gasa, ya ɗauke da sauri, ya sake ɗorawa a gefen da ke inuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa na'ura lafiya, ya roƙa wa gyaɗa mafaka, ya roƙa wa maigida Buwai haske. Malam Ɗanliti ya ce amin da ƙarfi a wannan gaɓar, kowannensu da hasken da yake nufi. Buwai ya ce ya gode musu duka.

Bayan su an samu wanda ya ce a juya ta ta kalli gabas, da wadda ta ce a canza mata atamfa. Levi ya daina gardama. Yana zaune ya rafka tagumi, yana kallon dokar Oga ana tattaka ta a tsakar gidan ubansa.

La'asar ta yi. Aka ji ƙahon Sama'ilu daga bakin hanya, sai ga shi ya turo kura, shuɗin baho a sama yana sheƙi. Aka mayar da akwatin ɗaki, Levi ya rufe ta, ya jona wayoyi. Buwai ya tsiyayo mai a gwangwani ya zuba da hannunsa. Mutane suka cika ɗakin, waɗanda ba su samu wuri ba suka toshe taga.

Levi ya kai yatsa zai danna, Buwai ya ce, "Dakata. Kowa ya ba da nasa, ban da ni."

"Yaya, don Allah."

"Injin ban-ruwana in ya yi gardama, ba na lallashinsa."

Ya ware hannu, hannun da ya shekara yana riƙe garma, ya ɗauke akwatin da mari a gefe. Ƙarar ta kai zaure. Gwaggo ta ce, "Madalla." Levi ya runtse ido, don ya tuna Oga ma yakan yi haka in mai kaya ya fita sayen ruwa.

Ya danna. Fanka ta juya. Ƙara ɗaya gajere. Fararen rubutu. Sannan, daga can ciki, wani siririn kuka ya taso yana ƙaruwa. Baƙin allon ya yi duhu, ya koma shuɗi, sai ga kiɗan nan ya cika ɗaki.

Guɗa ta tashi. Keziah ma ta yi, ta manta da baho.

"Rana ba ta ƙarya," in ji Malam Ɗanliti yana shafa gemu.

"Rana tun yaushe take fitowa ba ta tashi ba?" in ji Gwaggo. "Sai da ta sha hayaƙi."

Fasto Aaron ya ce shi ba ya neman yabo, amma kowa ya ga inda ya ɗora hannu. Buwai kuwa ya ɗaga tafinsa kawai yana dubawa kamar yau ya fara ganinsa.

Suka juyo ga Levi gaba ɗaya. "Injiniya, kai ne masani. Wanne ne ya tada ta?"

Levi ya buɗe baki. Yana so ya ce wayar da ya kankare ce tun da safe. Amma bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Zai iya zama wayar, zai iya zama zafin rana, zai iya zama marin, kai ko fifitar Keziah da ta kori ƙura. Ga idon Gwaggo, ga na Malam, ga na Fasto, ga yayansa.

"Duk sun taimaka," ya ce da ƙaramar murya.

Sama'ilu ya leƙo ta taga. "To Maigida, ko in ɗauki allon kawai? Gilashi ne, amma zan yi haƙuri."

"Kai, tafi da robobinka," in ji Buwai. "Abin da na tayar da hannuna za ka sa a kura?"

Maganar gyaɗa kuwa kafin magariba ta warware. Malam Ɗanliti ya ce ba zai yiwu a takura wa mai jinya ba, a kai buhuna zaurensa. Gwaggo ta ce nata ɗakin ya fi, akwai hayaƙi. Fasto ya ce akwai wuri a bayan coci. Aka raba buhunan, har ana jin haushin wanda ya samu da yawa.

Sai dai tun daga ranar, kunna kwamfutar Levi ya zama aikin gayya. Tunda ba a san wanne ne maganin ba, ba wanda ya yarda a tsallake nasa. Ran Lahadi bayan coci sai an fitar da ita rana, Malam Ɗanliti yana tsaye yana taɓawa ya ji ko ta yi ɗumi. A aika wa Gwaggo ta zo da kaskonta. Keziah ta yi fifita, ta kuma ce ranar ba ta tuƙa tuwo, hannunta ya gaji da aikin injiniya. Fasto ya ɗora hannu. Buwai ya rufe da mari. Sannan a ba Levi izini ya danna maɓalli, wanda a ganin jama'a shi ne aikin da ko wa zai iya. In ta tashi a yi guɗa, a tsaya a ga ta cinye shi a karta, a watse. Har an fara kiran Buwai Babban Injiniya, shi ma bai musa ba.

Abin yana cin Levi. Ba sunan ne kawai ba, rashin sanin ne. Yakan tsaya a tsakiyar gona da fartanya a hannu yana lissafi: waya ce, ko mari?

Wata rana aka yi bikin wata jikar Gwaggo a Makoda, gidan ya kwashe kaf, har Malam da Fasto. Levi ya ce cikinsa ne ke murɗa. Da ƙurar motar ta kwanta, ya shiga ɗaki, ya yaye atamfa, ya rage muryar sifika. Ba rana, ba hayaƙi, ba fifita, ba hannu, ba mari. Ya ja janareta ya danna.

Ta gaishe shi, faifai ya yi kukansa, ta tashi sumul, ko gardama babu.

Levi ya miƙe tsaye shi kaɗai a ɗaki. Wayar ce! Ko dai aƙalla yanzu ba ta bukatar kowa sai shi. Ya fara shirya yadda zai faɗa musu in sun dawo, a tsakar gida, da ƙarfi, yana kallon yayansa. Har ya zaɓi rigar da zai sa.

Sai ya leƙa ta taga. Rumbu yana nan a zaune a ƙasa, ba a sake gina shi ba. Wake ya kusa shigowa, bayansa ga dawa. Ya tuna shekarun da kwamfutar nan take tasa shi kaɗai: mutum ɗaya ne ke tsaye tsakaninta da kurar Sama'ilu, kuma mutumin ƙane ne a gidan. Yanzu kuwa duk wanda ya ce zai taɓa ta sai ya bi ta kan Gwaggo, da masallaci, da coci, da tafin hannun maigida.

Ya zauna. Ya buga karta hannu ɗaya, ta cinye shi. Ya kashe ta, ya lulluɓe, ya fita ya yayyafa wa janareta ruwa don ya huce kafin a dawo.

Ran Lahadi da aka taso daga coci, Levi da kansa ya shimfiɗa tabarma a rana. Sannan ya taka har gindin darbejiya, ya rusuna.

"Yaya, in ka huta a zo a taimaka. Ka san halinta, ba ta jin maganar kowa sai ta ji hannunka."

Buwai ya miƙe a hankali, yana murza tafinsa.